Gajerun Kwasa-kwasai na Kyauta a Intanet: Misalin OpenLearn

Gabatarwa

Tun asali, duk mai son ilimin jami'a sai ya cika sharuɗɗa uku: ya sami takardar shaidar gama sakandare, ya biya kuɗin makaranta, sannan ya je garin da jami'ar take. Wanda ya rasa ɗaya daga ciki, karatunsa ya tsaya ke nan. Wannan takarda za ta yi bayani a kan gajerun kwasa-kwasan da wasu jami'o'i ke sakawa a intanet kyauta, tare da ɗaukar OpenLearn na ƙasar Birtaniya a matsayin misali.

Asalin al'amarin

OpenLearn mallakar Buɗaɗɗiyar Jami'ar Birtaniya ce, wadda aka kafa a shekarar 1969, a zamanin Firayim Minista Harold Wilson. Minista Jennie Lee ce ta tsaya tsayin daka har aka kafa ta. Hedikwatarta tana garin Milton Keynes a Ingila, kuma ɗalibanta na farko sun soma karatu a watan Janairu na 1971. An ce mata "buɗaɗɗiya" ne saboda ba ta neman takardar shaida kafin ta ɗauki mutum a yawancin kwasa-kwasanta na digirin farko. A lokacin, ana aika wa ɗalibi littattafai ta gidan waya, ya kuma bi laccoci a rediyo da talabijin na BBC.

Da intanet ta yaɗu, sai wata jami'ar Amurka mai suna MIT ta ba da sanarwa a 2001 cewa za ta saka kayan koyarwarta a fili, kowa ya ɗauka. Ta fara da kwas 50 a 2002, zuwa 2007 sun kai 1,800. Buɗaɗɗiyar Jami'a ta bi sahu a watan Oktoba na 2006, inda ta buɗe OpenLearn da tallafin Gidauniyar Hewlett ta Amurka. Sai dai akwai bambanci tsakaninsu. Kayan MIT an shirya su ne domin ɗaliban da ke zaune a aji gaban malami. Na Buɗaɗɗiyar Jami'a kuwa tun farko an rubuta su ne domin mai karatu shi kaɗai a gida, saboda haka sun fi sauƙin bi ba tare da jagora ba.

Yadda kwas yake

Kwasa-kwasan OpenLearn sun shafi fannoni da dama: tarihi, harsuna, lissafi, kimiyya, shari'a, kasuwanci, lafiya da aikin koyarwa. An kasa su hawa uku, wato na farawa, na tsakiya da na gaba. Wani kwas ɗin awa ɗaya ko biyu ya isa a gama shi, wani kuma sai an yi makonni. Da yawansu gutsure ne da aka ciro daga cikakkun kwasa-kwasan da jami'ar ke karɓar kuɗi a kansu.

A cikin kwas akwai bayani a rubuce, da sauti ko bidiyo, da tambayoyin da ɗalibi zai gwada kansa. Babu ranar farawa, babu ranar gamawa. Mutum yana iya karantawa ko bai yi rajista ba, amma idan ya yi rajista, wadda ita ma kyauta ce, zai sami takardar da ke nuna ya bi kwas ɗin har ƙarshe. Wannan takarda ba digiri ba ce, kuma ba a lissafa ta a cikin makin digiri. Bugu da ƙari, yawancin darussan suna ƙarƙashin lasisin Creative Commons, wanda ya ba malami damar ya kwafa, ya gyara, ko ya fassara su domin ajinsa, muddin ya ambaci inda ya samo kuma bai sayar ba.

Me jami'a ke samu?

Ana iya tambaya, don me jami'a za ta ba da hajarta kyauta? Dalili na farko shi ne yaɗa ilimi ga jama'a yana cikin manufofin da aka kafa ta a kansu. Na biyu kuma ya yi kama da ɗanɗanon da mai sayar da zuma yake bayarwa a kasuwa: wanda ya ji daɗin gajeren kwas yana iya dawowa ya biya kuɗin digiri.

Matsaloli

Babbar matsala ita ce masu farawa suna da yawa, masu gamawa kaɗan ne. A 2011, malamai biyu na Jami'ar Stanford, Sebastian Thrun da Peter Norvig, sun buɗe wani kwas na ilimin kwamfuta kyauta. Mutum kimanin 160,000 suka yi rajista, wajen 23,000 suka kammala. Wani bincike da aka buga a mujallar Science a 2019 ya nuna cewa a kwasa-kwasan MIT da Harvard na dandalin edX, kimanin kashi 3 cikin 100 ne suka gama a zangon 2017 zuwa 2018. Inda babu malamin da zai tambayi ɗalibi aikinsa, ajiye karatu ba ya wuya.

Matsala ta biyu ita ce kyautar ba ta cika ba. Darasi kyauta ne, amma waya ko kwamfuta, da wutar lantarki, da kuɗin shiga intanet duk suna kan ɗalibi. Wasu dandalin kuma, irin su Coursera da edX da aka kafa a 2012, sai an biya kafin a sami takardar shaida.

Ta uku ita ce harshe, kuma ita ta fi shafar ɗaliban harsuna. Mafi yawan darussan da Ingilishi suke. Faransa ta buɗe nata dandalin mai suna FUN a 2013 domin masu jin Faransanci. Shirin TESSA na horar da malamai a Afirka, wanda Buɗaɗɗiyar Jami'a ta jagoranta tun 2005, ya fitar da kayansa cikin Ingilishi da Faransanci da Larabci da Swahili.

Kammalawa

Gajerun kwasa-kwasan nan sun kawar da sharaɗin takarda da na kuɗin makaranta da na nisan gari, amma sun bar na harshe. Tun da lasisin ya yarda da fassara, hanya a buɗe take ga wanda ya ƙware a Hausa da wani harshen Turai ya mayar da darasin lissafi ko na kiwon lafiya zuwa Hausa. Aikin yana buƙatar ƙirƙirar kalmomin fannu da daidaita su, kuma wannan yana cikin abin da sassan koyar da harsunan Afirka suke horar da ɗalibansu a kai.