Zaɓen Mota: Ta Fetur, Ta Lantarki, Ko Mai Haɗa Biyun

A wannan takarda muna son mu nuna cewa amfanin mota ya danganta ne ga hanyar da take bi. Mota mai haɗa inji da batir, irin Toyota Prius da ta fito a Japan a 1997, tana cika batirinta duk sa'ad da aka taka birki. Saboda haka a cunkoson gari take rage shan mai; a doguwar hanya ragin kaɗan ne. Ta lantarki zalla kuwa ta fi dacewa da masu motoci da yawa da garejin caji, kamar birnin Shenzhen na Sin, wanda motocin safansa suka koma na lantarki a 2017. Amma direban Kano zuwa Maiduguri, a ganinmu, fetur ne madogararsa, ko da yake an janye tallafin mai a 2023, domin bakanike da gidan mai suna kan hanyarsa.