Ilimin Lantarki A Bayan Makullin Mota

Duk wanda ya taɓa zama maƙwabcin mai tsohuwar mota ya san kiran nan na sassafe: "Yara, ku zo ku tura mini!" Mai mota ya murɗa makulli ya ji shiru, nan da nan sai ya ɗora wa batir laifi. Sau da yawa kuwa batir lafiyarsa lau. Mai laifin yana ɓoye a bayan ramin da ake zura makulli, wani ɗan abu ne da bai fi babban yatsa ba, wanda makanikai ke kira suwic.

Bari mu ɗauki Volkswagen Bitil mu yi misali da ita, tun da iyayenmu sun san ta sarai. An fara harhaɗa ta a Legas a 1975, ta ƙarshe kuma ta fito daga masana'antar Puebla ta ƙasar Meziko a 2003. Ke nan duk Bitil irin ta da da ka gani a hanya yau ta ba shekara 20 baya, kuma an murɗa makullinta sau dubbai.

Kan makulli kashi biyu ne. Na gaba shi ne kwaɗon da makulli ke shiga. Na baya shi ne suwic, inda 'yan faifan jan ƙarfe ke haɗuwa su ba lantarki hanya. Jamusawa sun ba kowace ƙafa tasa lamba. Ƙafa ta 30 ita ke kawo wuta daga batir, kullum a raye take. Ta 15 tana kai wuta ga kwayil, wanda ke samar da tartsatsin filogi. Ta 50 kuwa ba ta samun wuta sai an murɗa makulli har ƙarshe, ita ce ke tayar da sitata.

To, me ke lalata shi? Duk lokacin da faifan nan suka rabu, ɗan tartsatsi yakan tashi a tsakaninsu, ya bar tabo. Yau da gobe sai fuskarsu ta yi baƙi, ta zama mai turjiya ga lantarki. A nan ne dokar da Georg Ohm ya wallafa a 1827 ke shigowa, wadda ɗalibanmu ke haddacewa don jarrabawa kawai. Dokar ta ce ƙarfin da ake asara a wuri shi ne yawan lantarkin da ke ratsawa sau turjiyar wurin. Alal misali, a ce datti ya haifar da turjiyar om 0.1. In amfiya 10 ta bi ta nan, an yi asarar bolt 1. In amfiya 20 ce, an yi asarar bolt 2 daga cikin 12 da batir ke bayarwa. Zafi kuwa ya fi haka saurin hauhawa, kamar yadda James Joule ya nuna: in lantarki ya ninka biyu, zafi ya ninka huɗu. Wato daga wat 10 zuwa wat 40, duk a cikin ɗan gidan roba. Zafin ya sassauta robar, faifan su ƙara rabuwa, turjiya ta ƙaru. Shi ya sa in ka taɓa kan makullin tsohuwar mota bayan tafiya ka ji ɗumi, alama ce da bai kamata a raina ba.

Bitil tana da wata larura ta daban. Batir ɗinta yana ƙarƙashin kujerar baya, injin da sitata kuma suna can baya. Saboda haka lantarki sai ya yi tattaki zuwa gaba wurin makulli, sa'an nan ya komo baya, kuma kowane taƙi na tsohuwar waya yana karɓar nasa haraji. A waɗanda aka ƙera kafin 1967, masu batir mai bolt 6, abin ya fi tsanani.

Kafin a sayi kome, a yi gwaji. A cire giya, a ja birkin hannu. A sami ƙaramin kwan fitila mai waya biyu, a manna ɗaya a jikin ƙarfen mota, a riƙa taɓa ƙafafun suwic da ɗayar. Ya kamata ya kama a kan 30 ko da makulli yana aljihu, a kan 15 in an kunna, a kan 50 in an murɗa har ƙarshe. In akwai wuta a 30 amma babu a sauran, an kama ɓarawo. Sai dai kwan yana da yaudara, domin lantarkin da yake ja kaɗan ne, zai iya haske ko ta faifai masu datti. Mita mai auna bolt ta fi shi gaskiya, muddin an auna a daidai lokacin da ake ƙoƙarin tayar da injin. Malamin kimiyya zai iya kai ajinsa gindin motar wani abokin aiki su yi wannan awo, darasin zai fi zama a kai fiye da na allo.

Gyaran kansa ba shi da wuya. Abu na farko, a kwance wayar batir mai alamar ragi, wadda ke haɗe da jikin mota. Dalili kuwa, in ka fara da ɗaya wayar, sifana ta taɓa ƙarfen mota, ka buɗe wa batir gajeriyar hanya, tartsatsin zai iya ƙona hannu. Sa'an nan a zana wayoyin a takarda da launinsu da lambarsu kafin a zare su. A Bitil na shekarun baya-baya wani ɗan ƙaramin sukuru ne ke riƙe da suwic a jikin kwaɗon, ana sauya shi a bar wa mai mota makullinsa, ko da yake sai an cire sitiyari kafin a kai gare shi. Goge faifan da takardar yashi, a ganina, jinkirta ciwo ne kawai. Masu wayarin da suka ƙware sukan ƙara rile kusa da batir, don ya ɗauki nauyin tayar da sitata, suwic ya zama mai ba da umarni kurum.

Abin da ba shi da kyau shi ne dabarar nan ta haɗa wayoyi biyu tsirara a ƙarƙashin sitiyari. Wayar 30 ba ta bin ta fiyus, in ta goga ƙarfe sai hayaƙi. In kuma aka manta 15 a haɗe alhali injin a kashe, kwayil na iya ƙonewa.

Akwai kuma tarin makullai da wasu ke ratayawa, na gida da na shago da na ofis, suna lilo suna cin kwaɗon. A 2014 kamfanin General Motors na Amurka ya janye ƙananan motoci kimanin miliyan 2.6, ciki har da Chevrolet Cobalt, saboda suwic ɗinsu ba shi da ƙarfin riƙo. Nauyin makullai ko faɗawa rami yakan juya shi ana cikin gudu, injin ya mutu, sitiyari ya yi tauri, jakar iska ta ƙi buɗewa in an yi karo. Asusun diyyar da kamfanin ya kafa ya amince da mutuwar mutum 124. Umarnin da aka ba masu motocin kafin a kai ga gyara shi ne su cire kome daga zoben, su bar makullin mota shi kaɗai.