Kwana goma kacal: ɗaukaka ƙara bayan hukuncin tuƙi cikin maye

A ce jandarma ya tsayar da direba ko ɗan kabu-kabu a hanyar Maradi zuwa Dakoro, ya ce yana jin warin giya. Aka rubuta takarda, aka kai shi gaban alƙali, aka yanke masa tara ko ɗauri. Abin da dangi suka saba yi shi ne neman wani babba ya je ya ba da baki. Ana cikin wannan zirga-zirga ranaku ke wucewa, alhali dokar shari'ar laifuka ta Nijar, wadda asalinta na 1961 ne, kwana goma ta bai wa wanda aka yanke wa hukunci a gabansa ya ɗaukaka ƙara. Ba sai an yi tafiya ba. Wurin magatakardan kotun da ta yi hukuncin ake zuwa a rubuta, wanda ke tsare kuma ya sanar da shugaban gidan kaso.

Kotun sama ta ɗaukaka ƙara, wadda mutanen jihar Maradi suka daɗe suna zuwa Damagaram dominta, ba wurin roƙo ba ne. "Ina da iyali" na iya rage hukunci, amma ba ya rushe shi. Abin da ke rushe shi hujja ce.

Nan ne takardar da jandarma ya cika a bakin hanya take da nauyi. Wane lokaci aka tsayar da mutum, a ina, wa ya tsayar da shi? Da me aka gane maye: na'urar hurawa, gwajin jini a asibiti, ko kallon ido kawai? Jan ido da tangaɗi ba giya kaɗai ke kawo su ba. Wanda ya kwana tuƙi, ko mai ciwon suga da sugarsa ta faɗi, yana iya yin kama da mashayi. In an ɗebi jini, sa'a nawa bayan kamun? Jiki yana ƙone barasa a hankali, don haka tazarar lokaci tana canza sakamako. Tramol kuwa, na'urar hurawa ba ta ganinsa sam.

Takardar kuwa da Faransanci ake rubuta ta, kuma mutane da yawa suna dangwala hannu ba tare da an fassara musu ba. Daga baya su ji wai sun amsa laifi. Tun 2014 ƙa'idar ƙungiyar ƙasashen UEMOA ta ba lauya damar tsaya wa mutum daga lokacin kamu, kuma marar hali yana iya neman agajin hukumar taimakon shari'a ta ANAJJ da aka kafa a 2011. Gaskiya dai lauyoyi a Yamai suka taru, samun ɗaya a Dakoro sai an yi da gaske. Duk da haka a nema da wuri, domin ƙorafi kan kuskuren kamu ko bincike tun farkon shari'a ake gabatar da shi, kafin a shiga gundarin magana. Wanda ya yi shiru a kotun farko yana iya tarar da ƙofar a rufe a sama.

Idan wanda aka hukunta ne kaɗai ya ɗaukaka ƙara, ba a ƙara masa hukunci. Amma mai gabatar da ƙara ma yana da ikon ɗaukakawa, kuma in ya yi, tarar da ake kuka da ita tana iya komawa ɗauri. Wanda ya san ya sha, kuma gwaji ya kama shi yadda doka ta ce, ya yi wannan lissafi da lauyansa kafin ya taka wurin magatakarda.