Kogon Haƙori: Ciko Ya Fi Cirewa

Mutane da yawa a ƙasar Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar suna cewa tsutsa ce ke cin haƙori. Ba tsutsa ba ce. Ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani. Suna cin sauran zaƙin da ya maƙale a baki, na alawa ko shayi ko lemon kwalba, su fitar da wani tsami. Tsamin nan shi ke huda haƙori.

Da farko kogon ba ya ciwo, sai ɗan tsarawa idan an sha ruwan sanyi. Lokacin zuwa asibiti ke nan. Likita zai yi allurar kashe zafi a dasashi, ya kankare ruɓaɓɓen wurin, ya cike ramin da wani abu mai ƙarfi, fari ko mai launin azurfa. Yawanci ba a kai awa 1 ba, kuma ba a kwana.

Idan aka bari ramin ya kai ga jijiya, ciko kaɗai ba ya isa. Kumatu ya kumbura, barci ya gagara, wataƙila sai an cire. Haƙoran babba 32 ne, wanda ya fita ba ya sake tsirowa.

Kanumfari yana rage zafi, amma ba ya toshe rami. Ruwan batir kuwa ƙona baki yake yi. Mai kogo ya fara zuwa Babban Asibitin Gumel. In aikin ya yi girma, a nemi takardar zuwa Dutse ko Asibitin Malam Aminu Kano.