Man Kwakwar da Ba Ya Daskarewa: Me Ya Rage a Cikin Kwalbar?

Duk mai sayar da man kwakwa a Kasuwar Monday ta Maiduguri ya san halinsa. Da zarar sanyi ya sauko ƙasa da digiri 24 sai man ya kama jikinsa, ya yi fari, ya daskare. A Maiduguri hakan ba ya faruwa sosai sai hunturu ya kankama, tsakanin Disamba da Fabrairu, shi ma galibi da dare ko da sassafe. A watannin Afrilu da Mayu kuwa, lokacin da zafi ke haura digiri 40, tsululu yake kamar kowane mai. Saboda haka idan aka miƙo wa mace kwalba aka ce ga man kwakwa na musamman wanda ba ya daskarewa, kuma kuɗinsa ya ɗara na gama-gari, ba laifi ba ne ta tambaya: to sai me?

Amsar tana cikin yadda ake haɗa shi. Man kwakwa tarin sinadarai ne na maiƙo, wasu dogaye wasu gajeru. Kusan rabinsa sinadarin lorik ne, kuma shi da 'yan'uwansa dogaye su ke sa man ya daskare. A masana'anta ana farfasa man, a ware sinadaran da wuta gwargwadon yadda kowanne ke tashi tururi, a ɗebi biyu daga cikin gajerun, kafrilik da kafrik, a sake ɗaure su da gilisarin. Tamkar tankaɗe ne, sai dai a nan abin da ake kwashewa gefe shi ne mafi yawa, kuma masu sabulu na jiransa hannu bibbiyu. Abin da ya saura mai ne garai, mara launi, mara ƙamshi. A jikin kwalba wani lokaci a kan ga haruffan MCT. Daga man alayyadi ma ana fitar da irinsa, don haka sunan kwakwa a jikin kwalba ba kullum yake nufin kwakwar Attagara ba.

A nan ne talla take wuce gona da iri. Yawancin kirarin da ake yi wa man kwakwa, cewa yana yaƙi da ƙwayoyin cuta a fata, daga sinadarin lorik ya samo asali, wato daidai abin da aka cire. Binciken da likitocin fata na ƙasar Filifin suka wallafa a 2004, wanda ya nuna man kwakwa na taimaka wa busasshiyar fata kamar yadda man ma'adini ke yi, da wanda ya biyo baya a 2014 a kan yara masu ciwon ƙaiƙayin fata, duk da cikakken man aka yi su. Jingina wannan sakamako ga tataccen man aron riga ne kawai.

Amma fa tataccen man yana da inda ya yi zarra, kuma mutanen Borno na cikin waɗanda ya kamata su fi gane hakan. Garin Maiduguri ya yi suna wajen gyaran jiki: dilka da halawa da turaren tsugunno, al'adun da suka haɗa Kanuri da Larabawan Shuwa da 'yan'uwansu na Chadi da Sudan. Mai gyaran amarya da ta ɓata kwanaki tana tsuma jiki da humra da turaren wuta ba za ta so man da zai zo da nasa warin ya yi gasa da aikinta ba. Man ridi yana da ƙamshinsa, man kaɗe ma haka, man darbejiya kuwa ba a magana. Tataccen man shi ba ruwansa, duk ƙamshin da aka ɗora masa shi zai ɗauka. Shi ya sa masu haɗa turaren mai ke sirka turarensu da shi maimakon sinadarin da ke busar da fata.

Wajen tausa ma haka abin yake. Hannu na sulɓi a kansa ba tare da danƙo ba, ba ya barin maiƙo mai nauyi, kuma ya fi sauƙin fita daga zanin gado ko lafaya idan an wanke. Sannan ba ya saurin lalacewa. Wanda ya taɓa buɗe kwalbar man gyaɗa da ta yi bazara a shago ya san warin da nake nufi. Tataccen man kuwa yana daɗewa sosai ko a zafin Maiduguri, matuƙar an rufe shi an kawar da shi daga rana. Idan za a zuba masa mai ƙarfi irin na kanumfari ko na'a-na'a, ƙa'idar da aka saba ita ce kada ya wuce kashi 2 cikin 100 ga babba, kuma a fara gwadawa a cikin hannu a jira kwana guda. Jarirai kam a bar su da mai zalla.

Akwai wata fa'ida da ba kasafai masu talla ke ambata ba. Naman gwarin da ke kawo ƙyasbi da amosanin kai da maiƙo yake rayuwa, kuma gwaji ya nuna dogayen sinadarai yake ci, har da lorik. Gajerun nan biyu ba abincinsa ba ne. Mai fama da ƙyasbi a lokacin gumi zai fi samun sauƙi da tataccen man a kan cikakken. Wannan ba ya nufin magani ne. Maganin yana asibiti ko kemis.

Inda nake ganin an fi cutar mutane shi ne lokacin hunturu. Iskar da ke kaɗowa daga Sahara zuƙe ruwan fata take yi, kuma abin da fata ke bukata a lokacin shi ne abin da zai zauna a kanta ya toshe hanyar fitar ruwan. Mai mara nauyi ba ya iya wannan aiki yadda ya kamata. Ga faso da kaushi da tsagewar leɓe, man kaɗe da basilin sun fi shi nesa ba kusa ba, ga kuma araha. Mai son amfani da shi a wannan yanayi ya shafa da fitowarsa wanka, jiki da sauran danshi, sannan ya bi dunduniya da gwiwa da mai kauri.

Sai batun jabu. Mai mara launi mara wari ya fi kowanne sauƙin algus, domin man ma'adini mai araha ma haka kamanninsa suke, ido ba zai bambanta su ba. Mafi muni shi ne haɗin da ake ɗurawa a kwalba babu suna, a ce man kwakwa ne mai sa haske. Babu man kwakwar da ke sauya launin fata. Idan ya haskaka, to an zuba masa wani abu, galibi irin sinadaran bilicin da hukumar NAFDAC ta daɗe tana gargaɗi a kansu, waɗanda ke sirantar da fata su bar ta da tabo. A duba lambar rajista da jerin abin da ke ciki kafin a biya. Kwalbar da ta daskare a firji kuwa, ko ma mene ne a cikinta, ba tataccen man ba ne zalla.