Ɗakinka shina zuba? Ga abin da za ka yi

Ƴan uwa na Madawa, Buza da Keita, ku saurara. Ruwan malka shina kawo albarka ga gona, amma shina cin ɗakin ƙasa. A shekara ta 2024, ruwa ya kashe gidaje da yawa cikin ƙasarmu Nijar. Har tsohon masallacin Damagaram ya faɗi. Mutane sun mutu ƙarƙashin ɗakunansu. Zubar ɗaki ba wasa ba ce.

Me ke sa ɗaki zuba?

Indararo ya toshe. Ko ciyawa ta tsiro bisa soro. Ko yaɓe ya tsage. Ko kuma tsakiyar rufi ta lotsa, ruwa shina kwana. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Aiki na 1: tsare rai

Ka duba azara. In ta lanƙwashe, ko ƙasa tana zubowa, fitar da iyali nan take. Kada kowa ya kwana ciki. Jiƙaƙƙiyar ƙasa ta fi busassa nauyi ƙwarai. Ka tokare azara da icce mai ƙwari. Ka fitar da hatsi da tufafi.

Aiki na 2: neman ƙofar ruwa

In ruwa ya ɗauke, mutum guda kaɗai ya hau. Ya bi ta gefen bango, kada ya taka tsakiya. Ya share indararo, ya cire ciyawa. Ku lura: wurin da ruwa ke ɗiga ba kullum ne wurin da ya shiga ba. Ruwa shina bin azara kafin ya sauko.

Aiki na 3: busarwa

Buɗe ƙofa da taga, iska ta ratsa. Kankare ƙasar da ta jiƙe, rana ta taɓa zana da icce. In hadari ya taso, rufe wurin da leda, ka danne da duwatsu. In rana ta fito, ɗauke ledar. Kada ka hura wuta cikin ɗaki, zana tana iya kamawa. Kada ka yi yaɓe bisa lema, iccen zai ruɓe. Ɗaki mai lema shina yin fumfuna, shina sa yara tari.

Aiki na 4: gyara

Soki azara da bakin wuƙa. In wuƙa ta shige da sauƙi, iccen ya ruɓe, ko gara ta ci shi. Sai a canza. Kwaɓa ƙasa mai yumɓu da ciyawa da kashin dabbobi. Bar ta ta kwana 3 ko 4, ta yi danƙo. Cika ramin, ka daɓe sosai. Ka yi gangare zuwa indararo. Kada ka shafa siminti bisa ƙasa, ba ya riƙewa. Kada ka riƙa jibga sabuwar ƙasa bisa tsohuwa kowace shekara, nauyi zai karya azara.

Icce shina da tsada cikin Adar. Tun 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro cikin fadamar Majiya don tare iska. Aikin raya karkara na Keita ya fara a 1984, aka dasa itatuwa masu yawa. Wanda ya busar da azararshi da wuri, ba sai ya sare wani icce ba.

Babban gyara aikin rani ne. Kada ka jira hadari ya taso. Ku karanta wanga labari a aji, kowa ya koma ya duba rufin ɗakinshi.