Masu Share Mushe a Ƙasashen Sanyi

Mu nan in jaki ko saniya ta mutu a bayan gari, kowa ya san ungulu ce za ta fara sauka. To, ƙasashen arewacin duniya irin su Norway ba su da ungulu. Wa ke kawar musu da mushe ke nan? Amsar da na samu ita ce ƙuda, wanda muke kora daga bakin kwano.

A watan Agusta na 2016 aradu ta faɗa wa garken wata irin barewa ta ƙasar ƙanƙara a tudun Hardangervidda da ke kudancin Norway, ta yi sanadin mutuwar 323. Ma'aikata suka yanke kawunan don binciken cuta, sauran kuwa aka bar su a wurin, masana suka riƙa zuwa suna duba abin da zai faru.

Koren ƙudan nan mai sheƙi shi ke kan gaba. Yakan ji wari daga nesa, ya zo ya zuba ƙwai a duk inda fata ta buɗe. In da ɗumi, cikin kwana guda sun ƙyanƙyashe. Tsutsotsin ba su da haƙori, sai su zuba wani ruwa mai narkar da nama, sannan su tsotse. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne in suka cunkushe dubbai wuri guda, zafi yakan tashi a tsakaninsu har ya fi na iskar waje, watau da kansu suke hura wa kansu wuta. Amma fa in dabba ta mutu da hunturu, ƙuda ba ya tashi, mushen yakan daskare ya jira narkewar ƙanƙara, sai dai hankaki da yanyawa su ɗan taɓa.

Bayan nama ya ƙare sai wasu ƙwari masu taurin baya, dangin buzuzu, su zo su cinye busasshiyar fata da jijiya.

Ni dai a ganina barin mushen nan ba ƙazanta ba ce, tun da jeji ne nesa da gidaje da rijiyoyi. Ƙananan tsuntsaye sun sami ƙuda sun ci sun ƙoshi. Ruwan mushen ya kashe ciyawar wurin, ya bar fili mai taki, hankakin da suka taru kuma suka yi ta kashi a kai, cike da irin 'ya'yan itatuwan da suka ci.